Faifai Huɗu da Waƙar Inna Asibi

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Yau na kawo faifai uku daga shagon Romanus mai gyaran kwamfuta. Sababbi fil, irin manyan nan da ake ɗaurawa a cikin inji. Na gaji da ƙananan faifan jaka da nake tarawa a kwando, wannan na bikin wance, wancan na sunan wance, in an tambaye ni sai na zazzage su a kan gado ina lalube.

Romanus ya so ya biyo ni ya haɗa mini. Na ce a'a. Ya san dalili, neman magana ne kawai. Ni bidiyon mata nake ɗauka: kamu, sa lalle, wankan amarya, inda ake ajiye mayafi a yi rawa ba a tunanin kowa. Ba don na fi kowa iya riƙe kyamara ake kirana ba, sai don an san abin da ya shiga injina namiji ba ya ganinsa. Rabin matan unguwarmu Wambai suna cikin kwamfutar nan ba ɗankwali. Ya ce, "To Madam Sailuba, ki riƙe waya kusa, za ki kira ni." Har da dariyarsa.

Talata, 23 ga Afrilu

Na kira shi. Sau nawa, ba zan rubuta ba.

Sunan tsarin RAID. Faifan uku ne amma kwamfuta ɗaya take gani, ƙato. Wai duk abin da na ajiye sai ta yayyanka shi ta raba musu, kuma kowanne yana riƙe da wani lissafi a kan abin da ke wajen 'yan'uwansa. In ɗaya ya mutu, biyun su haɗa kai su fito da nasa. Na ce masa wannan zancen mai son sayar da kaya ne.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na gwada. Na kashe injin, na zare faifai ɗaya, na kunna, na buɗe bidiyon wani kamu da na zuba jiya.

Ya buɗe.

Faifan yana hannuna da ɗuminsa, amarya tana ta taka rawa a allo, ko ƙiftawa babu. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Kashi ɗaya cikin uku na yarinyar nan yana tafin hannuna, amma ga ta can cikakkiya har da 'yan kunnenta. Na daɗe a zaune ina kallo kamar wata 'yar ƙauye. Allah Ya ba bayinSa basira, ni dai ban san yadda kan mutum ya kai nan ba.

Da na mayar da shi, sai sauran suka shiga cike masa abin da ya wuce shi, suna wani ɗan gurnani a hankali. Na bar shinkafa ta kama ina saurarensu.

Litinin, 13 ga Mayu

Na gama kwashe komai zuwa ciki. Romanus ya ce kar in goge tsofaffin faifan, wai "wannan ba backup ba ne fa," wato ba kwafi na biyu ba ne. Na goge. Ina da abin da ba ya mutuwa, me zan yi da kwando?

Lahadi, 15 ga Satumba

Inna Asibi ta rasu. Ita ce tsohuwar da take yi wa amaren unguwarmu waƙar rakiya in za a fita da su. Ba ta taɓa yarda na sa mata makirfo ba, wai ba ta waƙa don ƙarfe. Allah Ya ji ƙanta.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Uku sun cika, na ƙaro na huɗu. Ashe ƙari ya fi haɗin farko ban mamaki. Ba ajiye sabon ake yi a gefe ba. Sai ta ɗauki duk abin da ke cikin ukun ta sake raba shi huɗu, ƙwaya ƙwaya, kamar a sauya wa gida tubali mutane suna ciki. Akwai wani siririn layi da ke nuna inda aka kai. Tafiyar hawainiya yake yi. Romanus ya ce kwanaki zai ɗauka, kuma in tabbata wuta ba ta yanke ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Rukayya ta zo bayan la'asar, jikar Inna Asibi, wadda na ɗauki bikinta a farkon shekara. A bidiyon da na ba ta, waƙar kakarta baiti ɗaya ce, na yanke sauran don kar ya yi tsawo. Ta tambaya ko cikakkiyar tana nan. Na ce ni ba na zubar da komai, kuma ba na ba da ɗanyen bidiyon da ban yanke ba, amma nata daban ne.

Ta ce, "Anti, ranar ina kuka, ban ji me ta ce mini ba."

Na ce ta dawo in layin ya cika, yanzu injin ya yi nauyi. Da na sani da na kwafe mata a take.

Asabar, 5 ga Oktoba

Hadari ya taso daga wajen dutsen Zuma da rana tsaka. Aka ɗauke wuta, batirin inbata da nake ajiye wuta a ciki ya riƙe, sai kawai injin ya mutu da kansa. Da na kunna, faifai biyu ba sa amsawa.

Ɗaya ake yafewa. In biyu suka mutu, komai ya tafi.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Romanus ya ce in kawo injin shago. Na ce ba zai fita gidan nan ba. Ya ce to in kara waya a jikin injin ya saurara, na kara, ya ce ba ya jin komai sai kajin maƙwabta. Sannan ya ce, "Madam, kar ki sake kunnawa. Kowace kunnawa tana iya cinye wani abu."

Tsoro nake ji. Ba sunana nake tunani ba, ko da yake shi ma zai tafi. Tsohuwar nan sau ɗaya ta bari aka ɗauke ta, albarkacin jikarta, kuma a wajena kaɗai take. Na wuce ƙofar gidansu Rukayya da safe na sunkuyar da kai kamar wadda ta ci bashi.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ga yadda muka yi. Na ɗauko akwatin injin na kai zaure. Allon ya zauna a ɗakina, muka ja doguwar waya ta taga. Shi da ƙarfen, ni da idon. Yana zaure yana kwancewa, ina ciki ina karanta masa duk abin da ya fito da ƙarfi, har masu wucewa suna tsayawa.

Ya ce akwatin wutar injin ne ya gaza ciyar da faifai huɗu. Ya sa wani. Ɗaya daga cikin biyun ya farka, ashe yunwa ce kawai. Ɗayan, cikin ukun farko, ya tafi ke nan, ya ce yana jin ƙas-ƙas ɗinsa.

Sai layin ya dawo daidai inda ya tsaya, ya ci gaba. Da faifai ɗaya a mace, a tsakiyar rabo, sauran suna lissafa nasa suna tafiya. Na karanta masa, muryata ta ƙi fita sosai. Ya ce daga zaure, "Madam, kina nan?" Na ce ina nan, ƙura ce.

Ko sau ɗaya bai ce a nuna masa allon ba. Da zai tafi na ba shi ƙosai a leda.

Asabar, 12 ga Oktoba

An gama rabon, an sa sabo a gurbin mataccen, shi ma ya cika. Rukayya ta zo da gwaggonta. Na rufe ƙofa na kunna.

Inna Asibi a kan tabarma, hannunta a kan kan amarya, tana rerawa da muryar nan tata mai kaushi. Muna cikin baiti na uku sai hoton ya daskare, sauti ya ɗauke. Wurin da mutuwar injin ta ci ke nan. Na miƙa hannu zan tsayar.

Gwaggon ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗauki waƙar daga inda ta yanke, a hankali, idonta a kan fuskar da ta tsaya. Inda ta manta kalma Rukayya ta sa mata, ita da ta ce ba ta ji komai ba ranar. Suna cikin yi hoton ya motsa, muryar tsohuwar ta dawo, ta faɗo daidai kan kalmar da ke bakinsu. Su uku suka ƙarasa baitin tare.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na kwafe wa Rukayya ɗanyen bikinta duka a ƙaramin faifai. Gwaggon ma na yi mata nata, ta tafi da shi gidanta a Iku.

Ba wai na sauya tsari ba ne. Kawai yau na kira amare biyu na bara na ce su zo su karɓi nasu, su ajiye a ɗakunansu. Ɗaya ta ce, "Anti Sailuba, lafiya? Ke da ba kya bayarwa." Na ce ta zo dai kafin in fasa.