Gwangwani Goma na Fim Ɗin Gada

Ɗana Wali bai gama maganarsa ba na ɗauki biro. Yana tsaye bakin ƙofa da mabuɗin sabuwar motarsa a hannu, yana kwantar mini da hankali: wai kada in damu da gwangwanayen fim ɗina, in ta Allah ta kasance malam zai raba su daidai. Guda goma ne, shi huɗu, Bilya huɗu, Murja biyu. Har da murmushi, don lissafin ya fita ba saura.

To, ni Lubabatu, mahaifiyarku, ina rubuta wannan a Sabon Garin Wudil, shekara ta 1978, da cikakken hankalina. Likita ya ce ciwon a hanta yake, bai ce a ka ba, ko da yake Wali ya daɗe yana gaya wa abokansa 'yan kwangila akasin haka.

Na ɗaya. Gwangwanayen nan fim ɗaya ne. Shekara uku ina ɗaukar matan da ke soya kifi a gindin gada, tun kafin manyan motocin siminti su ture su gefe. Wanda ya samu huɗun farko zai ga mata suna dariya. Murja za ta ga an rushe rumfuna, ba ta san na wa ba. Shari'a ba ta yi kuskure ba. Ku ne ba ku taɓa zama kun kalli abin da za ku raba ba, ko sau ɗaya, alhali a bangon gidan nan na haska shi.

Na biyu. Saboda haka na bayar da su kyauta tun ina da rai, tare da injin majigi, ga Hansai ta Lajawa, wadda ta bar kaskonta ta riƙe mini kyamara. Ba ta karatun boko, amma ta san wane gwangwani ke bin wane. Ba sa cikin gado. Kada wanda ya je mata da takarda.

Na uku. Rigar buhun siminti da na ɗinka, na zauna da ita Juma'a bakwai a tsakiyar kasuwa ban ce uffan ba, lokacin da kowa ke rabon kuɗin ƙarin albashin Udoji, ta Wali ce. Shi ya turo a ɗauke ni a Juma'a ta bakwai, wai ina zubar masa da mutunci gaban masu ba shi aiki. Ina so ya ajiye ta. Daga buhunansa aka yi ta.

Na huɗu. Bilya, littattafan wasannin da na rubuta tun ina jami'a a Zariya naka ne. In wani kwamiti ya zo karrama ni, zai nemi hotona da lulluɓi ina riƙe da ƙwarya. Ba ni da irinsa. Kada ka nemo musu.

Na biyar. Murja, kin daina gaida Wali tun ranar kasuwa, saboda ni. Ya isa. Fushin nawa ne, da shi zan tafi, ban bar wa kowa ba. Ki je gidansa ranar Salla, ki ci abincin matarsa.

Gida da gonar Dagumawa, malam ya raba yadda Allah ya ce. Su suna rabuwa. Ku kuwa kada ku rabu. Allah ya yi muku albarka, har da kai Wali, ya ba ku 'ya'yan da za su zauna su kalli aikinku kafin su ƙirga shi.

Motar Lajawa ta tsaya a waje, an gama loda gwangwanayen. Daga can asibiti zan wuce. Na bar takardar nan a kan darduma, zan ja ƙofar da kaina.