Rasuwar Ishbel Matheson, Mai "Saukar Torquil"

Cikin alhini mai nauyi, Ƙungiyar Masu Goge da Algaitar Salka ta garin Lochinver ta samu labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, tsohuwar shugabar wannan ƙungiya, Uwargida Ishbel Matheson, wadda ta cika ranar Talata tana da shekaru saba'in da tara.

Shekara arba'in marigayiya tana koyar da goge a zauren gari ba fashi, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ita ce kuma ta tsara kiɗan rawar nan mai sauri, "Saukar Torquil", a shekarar 1983, ranar da direban jirgin fito Torquil MacAskill ya ajiye aiki. Ta sa wa kiɗan sunansa kyauta, kamar yadda muka saba yi wa wanda muke ƙauna. Yau da wuya a tashi biki ba a kaɗa shi ba.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoye cibi. A littafin kaɗe-kaɗen da ƙungiyarmu ta buga a 1986, wanda ya shirya shi ya ga sunan Torquil a sama, ya rubuta cewa Torquil ne ya tsara kiɗan, alhali bawan Allahn nan ko fito da baki bai iya ba. Masu kwafa suka kwafa, daga baya wasu suka share har sunan Torquil ɗin suka rubuta "na gargajiya", sai ka ce daga sama ya faɗo. In aka yi mata zancen sai ta yi dariya ta ce, "Ku ƙyale su, ƙafar mai rawa ba ta karatu." Mu kuma muka fake da dariyarta. Wannan abin kunya namu ne, kuma yana ci mana rai.

Don haka mun yanke shawara: za mu bi masu buga littattafai ɗaya bayan ɗaya har su gyara, kuma daga yau babu ɗan ƙungiyar nan da zai taɓa wannan kiɗa bai fara ambaton sunanta da ƙarfi ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga 'yarta, Dakta Mairead, da jikokinta, Allah Ya ba su haƙuri da juriya. Muna kuma neman gafararsu, tunda ita mun makara.

Fergus Rennie
Sakataren Yaɗa Labarai