Tuwo ta Saman Darni

Tambuwal, daren Alhamis, tara ga watan Safar.

Yau kwana shida da na hana ciyayya a zaurena saboda murar nan da ta kwantar da rabin gari. Na ga irinta da ƙuruciyata, ita ta ɗauke mini Hajo, matata. Shi ya sa na ce kowa ya ci tuwonsa a gidansa, a daina zagayawa da ludayi ɗaya. Sun ji haushi. Tun ranar ba wanda ya yi mini sallama, har na fara tsoron na kori 'yan mutanen da suka rage mini.

Ɗazu bayan magariba na ji ana bubbuga darni. Ashe Garba ne, taubashina. Ya miƙo akushi ta sama, ya ce, "Amshi, tsoho mai tsoron mutuwa! Ita ko ta mance da kai."

Ya shimfiɗa buzunsa a waje, ni ina ciki, muna ci muna gardamar geron garin Jabo. Wai ya saya wa jikokinsa ludayi, kowa da nashi, "amma ba don maganakka ba."

Na cinye tuwon tas. Gobe tun la'asar zan jawo tabarmata kusa da darni.