Kwalaben da Mijina Ke Kawowa Daga Tafiya

Assalamu alaikum Anti Shifa. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Abin ya fara ne wata safiya, ranar da motar shara ta ƙaramar hukuma ke kwashe kwalabe a layinmu a unguwar Longsight. Na turo bin ɗinmu na shara waje, murfin bai rufu ba, sai maƙwabciyata Raki ta tsaya tana kallon kwalaben da ke sama. Ta gaishe ni ta wuce. Tun daga ranar ba ta sake shigowa gidana ba, a wajen wani suna kuma mata biyu suka yi shiru da na zauna kusa da su.

Mijina Taufiq injiniya ne, aiki yana kai shi Jamus da Beljiyam da ƙauyukan Ingila. Duk garin da ya sauka sai ya nemi giyar garin wadda aka cire wa barasa, ko cider ɗinsu na tuffa marar barasa, ya ɗanɗana, ya taho da kwalba biyu a akwati. Har ɗan littafi gare shi da yake rubuta sunan garin da yadda ya ji ta: wannan ɗaci, wannan ƙanshin burodi. Yana sallarsa, ban taɓa ganinsa a buge ba. Ya ce gajiya ya yi da riƙe lemo in suna cin abinci da abokan aiki.

Ni da littattafan soyayya na taso, har yau ban daina ba. A cikinsu miji turare yake kawowa daga tafiya, ko ma ya tafi da matarsa su yi ta yawo a bakin kogi. Nawa kwalabe yake kawowa. Ban damu sosai ba sai bayan kallon Raki, da na zauna na karanta jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Yawanci barasar ciki 0.0 ce, amma uku an rubuta kashi 0.5 cikin ɗari. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce nunanniyar ayaba ma tana da hakan.

Yayana Junaidu yana Perry Barr a Birmingham, shi ya tsaya wa Taufiq a wajen iyayenmu lokacin aure. Gara ya ji daga bakina kafin maganar ta isa Birmingham. Na sayi tikitin jirgin ƙasa na ranar Asabar, zan kai masa kwalaben ukun.

Matar Injiniya, Manchester

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Mai ɓoye shaye-shaye ba ya rubuta shi a littafi, ba ya zuba kwalabensa a saman bin. Wannan ki riƙe wa Taufiq. Sai dai kwalbar irin ta giya ce, a cikin mutane kuke zaune, kuma ke ake yi wa shiru a wajen suna, ba shi ba. Dariya ba amsa ba ce.

Amma kin gaya masa zancen Raki? Wasiƙarki ba ta nuna ba. Lamba kika nuna masa, ya ba ki amsar lamba. Ki faɗa masa abin da ya same ki kafin Asabar.

Hukuncin 0.5 ba nawa ba ne, ba kuma na Junaidu ba. Ke da shi ku ɗauki kwalaben ku je wurin malamin da kuka yarda da shi. Kafin nan ki roƙe shi ya daina shigo da su gida. Raki kuwa, ki same ta sau ɗaya ki yi mata bayani, kar ki bi ta da rantsuwa.

Ki ziyarci yayanki in kina so, da sanin mijinki, amma ki bar kwalaben. Ke za ki huce cikin mako guda. Shi da ya sa bakinsa a aurenku zai yi shekaru yana kallon Taufiq da su.

In tafiya tare kike so, ki faɗa masa a fili. Allah ya daidaita tsakaninku, ya rufa muku asiri.

Anti Shifa