Nasihar Baba da Aka Yanke

Nasarawa Burkullu, Bukkuyum.

Zuwa ga Yaya Muktar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Amariya da yara. Allah ya tsare ku a Fatakwal, ya sa albarka a nemanku. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kai, Inna kuma ta warke daga ciwon ƙafa har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san alamar lafiyarta ke nan.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto maka, kuma wallahi ta tsaya mini a rai. Ka san halinsa, shekara talatin yana limanci bai taɓa hana kowa addu'a ba, ko da mai zuwa sayen akuya ne. Watan jiya Alhaji Tanko, mai neman kujerar majalisa, ya zo zaure da jama'arsa. Ina bayan ƙofa ina tankaɗe, babu abin da ya wuce kunnena. Baba ya wanke shi tas. Ya ce masa mulki amana ce, kuma duk wanda ya hau kujera ba tsoron Allah, talaka ne zai sha wuya. Ya tuna masa mutanen Zugu da gonakinsu suka gagare su zuwa saboda 'yan bindiga. Sannan ya yi masa addu'a yadda ya saba yi wa kowa. Ashe wani a cikinsu yana ɗauka da waya. Suka yanke nasihar, suka bar addu'ar, suka haɗa ta da kiɗa, aka watsa har Gummi da Anka wai liman ya bi Tanko.

Tun ranar masallaci ya rabu biyu. Baffa Namadi, wanda bai taɓa rasa sahun farko a bayan wansa ba, yana tare da ɗaya ɗan takarar, sai ya janye rabin unguwa suna salla a ƙofar shagonsa. Cewa yake malami ya tsaya ga karatunsa, ya bar 'yan siyasa da kasuwarsu. Baba kuwa ya ce in malamai suka kama bakinsu, wa zai gaya wa mai mulki gaskiya? Ni ina bayan Baba, amma ban ga laifin Baffa duka ba, don abin da aka nuna masa a waya shi ya gani.

Baba duk ya rame. Ya aika wa ɗaya ɗan takarar ya zo ya ji irin nasihar, bai zo ba. Ranar Juma'a ya sanar cewa ba zai ci gaba da jan rabin jama'a salla ba, in ba su dawo ba kafin girbi zai ajiye limancin. Jiya da la'asar na hango shi tsaye a bakin masallaci yana kallon hanyar shagon. Ladan ya yi iƙama Baba bai ji ba, sai da aka taɓa shi.

Yaya, Baffa yana jin maganarka. Don Allah ka kira shi, ka gaya masa ni na ji abin da aka yanke, in rantsuwa yake so zan yi. In na je da kaina, cewa zai yi 'ya ba ta ƙin ubanta. Girbi saura sati uku.

Inna tana gaishe ku, ƙannenmu Sahura da Mardiyya ma haka. Ka gaida mini Amariya, ka shafa kan yara.

Ƙanwarka,
Mubina