Kujerar da Suka Ajiye Mini a Bakin Tafki

Zuwa ga aminiyata, marigayiya Hajiya Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa a watan jiya na cika shekara saba'in da huɗu. Har yanzu ni nake tuƙa motata, ni nake dafa abincina a gidana da ke garin Beltsville, a wannan ƙasar Turawa da muka yi zaman baƙunta. Duk wanda ya karanta wannan wasiƙa, ina roƙonsa ya riƙe tausayinsa, ba shi na zo nema ba.

Kin tuna tafkin nan na yammacin jihar Maryland, inda mutanenmu suke zuwa kwana a tanti duk lokacin zafi? Ni da ke muka fara kafa tanti a can, 'ya'yanmu na ƙanana, mazajenmu na tsaye suna gardama a kan wace sanda ce ta gaba.

Na tuna ranar da ma'aikacin wurin ya gargaɗe mu mu kulle abinci a mota saboda dabbobin daji. Kika dubi tukunyar farfesunki, kika ce, "Dabbar da ta sha yajin nan ta rayu, ta cancanci naman."

Da la'asar mukan zauna a kan dutse, mu tsoma ƙafa a ruwa, mu yi gulmar duniya. Kina tsokanata da cewa na koyar da ilimin haɗa magunguna tsawon rayuwata amma ban iya hura wutar itace ba. Ba ƙarya kika yi ba.

Bara na je ba tare da ke ba. Rakiya, yaran nan suna da tarbiyya, kuma tarbiyyarsu ce ta kusa kashe ni. Sun hana ni tanti, sun kama mini ɗakin katako mai na'urar sanyi. Sun kafa mini kujera a ƙarƙashin bishiya, nesa da hayaƙi, nesa da kowa. Abincina a rufe yake zuwa, a durƙusa a ajiye, a tashi a tafi. Ina jiyo dariyarsu a wajen murhu. Da na matsa kusa, sai a gyara ɗankwali, hira ta mutu, a koma tambayata lafiyar gwiwa. Na miƙa hannu zan ɗauki ludayi, matar ɗana Kabiru ta riƙe shi, ta ce ba za a ce suna raye ina juya miya ba. Jikokina sun gaishe ni da Hausa, sannan suka ruga cikin ruwa da Turancinsu.

Ban ga laifinsu ba. Mu muka koya musu haka, mu ma haka muka yi wa iyayenmu. Sai dai iyayenmu suna da sa'o'insu a kowane gida na unguwa. Ni sa'ata ɗaya ce a ƙasar nan, kuma mun kai ta makwancinta.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Bana Kabiru ya kira, ya ce sun sake kama mini ɗakin. Na gode masa, na sa masa albarka, na ce a ba wani. Na kama fili ni kaɗai a tsakiyar mako, a ɗaya gefen tafkin, cikin mutanen da ba su san ni ba. Jiya na tuƙo kaina. Tantin ya ɗan karkace, hannuna ya yi kanta, shinkafar ta kama. A nan nake rubuto miki. Ba kowa kusa da ni, amma wannan kaɗaicin ni na zaɓe shi, ba durƙusawa aka yi aka miƙo mini ba.

Taki har kullum,
Bilkisu