Kan Sarki da Kafireta

Laraba da dare, watan Maris, Sharada

Yau na rabu da littafin kan sarkina. Shekara goma sha ɗaya muna ɓamɓaro su daga wasiƙun da ke zuwa ofishin masaƙarmu, ni da abokin aikina marigayi Bitrus. Wani injiniya Ba'indiye ne ya saya. Ya ɗora yatsa kan wani shuɗi mai hoton jirgin ruwa, ya ce, "A ina ka samo wannan?" Na fara ba shi labarin yadda Bitrus ya yi musayarsa da abincin ranarsa, sai na lura ya riga ya buɗe wani shafin, ba ya ma saurarena. Na karɓi kuɗina na fito.

Daga can na wuce garejin Malam Sabo, ya sa wa motata sabuwar kafireta da fulogai, ya gyara salansa. Da la'asar na gwada ta a hanyar Zariya har gaba da Na'ibawa. Wallahi ta canja. Motar da ke tari in ta hango tudu, yau manyan motoci biyu ta wuce. Na yi dariya, na juya zan yi magana, kujerar gefe babu kowa.

Da na koma gareji Malam Sabo ya ce, "To, Malam Yakubu, wa za a fara ɗanawa?" Na ce masa sai na yi tunani.

Na ci tuwona a tsaye. Tun ɗazu nake bin sunayen mutanen da na sani a Kano, har yanzu ban samu wanda zan tsaya a ƙofar gidansa in danna masa hon ba.